Kayan haɗa giya a gida: ire-irensu, yadda ake zaɓarsu, da abin da ya kamata a sani a kansu

A shagunan Faransa da Beljiyam da Kanada, da kuma kasuwannin intanet, ana sayar da wani kwali mai rubutun «kit de brassage» a jikinsa. Wanda bai san shi ba zai ɗauka kayan kicin ne, domin abin da ke ciki bai wuce bokitin roba mai famfo, da tiyo, da gwangwani, da ɗan ƙunshin gari, da takardar bayani ba. Kayan haɗa giya ne a gida, na mutumin da ke son ya dafa tasa maimakon ya saya.

Galibin Hausawa Musulmi ne, kuma Musulunci ya haramta giya, da shanta da yinta da cinikinta. Amma Hausawan Garwa da Marwa da Njamena da Kumasi da Wagadugu suna zaune ne da maƙwabta masu dafa bil-bil da pito da dolo. Fataken hatsi sun san inda wani kaso na jar dawarsu ke tafiya. Ɗalibanmu da ke Turai suna cin karo da waɗannan kaya, ga kuma Hausawa Kiristoci da Maguzawa. Ban da haka, sanin yadda kayan ke aiki shi ne ke nuna daidai gaɓar da abin sha mai zaƙi ke komawa mai sa maye, kuma wannan ya shafi duk mai dama kunu ko mai sayen lemon malta.

Asalinsu da matsayin doka

Dafa giya a gida tsohon aiki ne a Turai, amma haraji da lasisi sun daɗe da mayar da shi hannun kamfanoni. A Birtaniya sai a 1963 ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke sharaɗin lasisi ga mai yi don kansa, daga nan kasuwar gwangwanayen haɗi ta buɗe. A Amurka shugaba Jimmy Carter ne ya sa hannu a dokar a watan Oktoban 1978, ta fara aiki a 1979. Ta yarda baligi ɗaya ya yi galan 100 a shekara, kimanin lita 378 ke nan, gidan da ke da baligai biyu ko fiye kuma galan 200. Jihohin Misisipi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013.

A Faransa da Beljiyam mutum na iya yi don shan gidansa, amma da zarar zai sayar sai ya bi ta hannun kwastan da haraji. A Japan doka ta hana a haɗa abin da ƙarfinsa ya kai kashi 1 cikin 100 ba tare da lasisi ba. A Saudiyya da Libiya da Muritaniya yin giya laifi ne. Sudan ta haramta ta a 1983, sai a 2020 aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. A Najeriya, jihohin Arewa 12 da suka ƙaddamar da shari'a tun daga 1999 suna da nasu dokokin hani. Saboda haka kwalin da aka saya cikin ka'ida a Faris na iya zama kayan laifi a wani filin jirgin. Tambayar farko kafin a yi zancen inganci ita ce: me dokar inda mutum yake ta ce?

Yadda ƙwayar hatsi ke zama giya

Giyar Turawa abu huɗu ce: ruwa, tsiron sha'ir, furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop (houblon da Faransanci), da yis. Tsohuwar dokar Bavariya ta 1516 ta lissafa ruwa da sha'ir da hop kawai, domin a lokacin ba a gane aikin yis ba. Sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya nuna cewa halitta ce mai rai, kuma a 1883 Emil Christian Hansen ya ware tsarkakakken irinta a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Kofanhegan.

Aikin yana da matakai biyar. Ana jiƙa hatsi har ya tsira, a busar da shi. Wannan shi ne tsiro, kuma mai kunun zaƙi ta san amfaninsa: tsirowar ce ke tayar da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. Sai a ɓarza shi a jiƙa a ruwa mai zafin digiri 62 zuwa 68 na kamar awa ɗaya, a tace. Abin da ya fito ruwan tsiro ne mai zaƙi, wanda babu ko ɗigon barasa a cikinsa. Mataki na uku a tafasa shi awa ɗaya tare da hop. Na huɗu a sanyaya, a zuba yis, a rufe. Yis ya cinye sukarin, ya fitar da barasa da iskar gas cikin mako ɗaya zuwa biyu. Na ƙarshe a ɗura a kwalba da ɗan ƙarin sukari domin kumfa, a jira wasu makonni biyu.

Duk bambancin da ke tsakanin kayan da ke kasuwa yana komawa ga abu ɗaya: matakai nawa kamfani ya yi wa mai saye, nawa kuma ya bar masa.

Ire-iren kayan

Na farko shi ne na gwangwani. Kamfani ya riga ya jiƙa, ya tace, ya tafasa da hop, ya ƙafe ruwan har ya yi kauri kamar zuma. Mai saye zai narkar da shi a ruwa, ya ƙara sukari kilo ɗaya, ya zuba yis. Gwangwanin kamfanin Coopers na Ostireliya mai nauyin kilo 1.7 yana ba da lita 23, wato kwalabe 35 masu santilita 65. Muntons na Ingila da Brewferm na Beljiyam su ma sun yi suna a wannan fanni. Aikin rana bai kai awa ɗaya ba, kuskure kaɗan ne, amma ɗanɗanon na kamfani ne.

Na biyu shi ne na garin tsiro ko ruwan tsiro marar hop. A nan mutum ne zai tafasa da kansa, ya zaɓi irin hop da lokacin zuba shi. Wanda aka zuba tun farkon tafasa ɗaci yake bayarwa, wanda aka zuba a ƙarshe ƙamshi. Yana buƙatar babbar tukunya da hanyar sanyaya ruwan da wuri.

Na uku shi ne na tsabar hatsi, inda mutum ke yin komai ban da tsirar da sha'ir. Akwai ƙananansa na lita 4 zuwa 5 da ake yi a tukunyar kicin, irin waɗanda aka fi ba da kyauta a Faransa da Amurka. Akwai kuma injinan lantarki na lita 20 zuwa 30 masu riƙe zafi da kansu, irin su Grainfather da Braumeister na kamfanin Speidel. Ƙaramin kwali kuɗinsa 'yan gomiyoyin yuro ne, injin kuwa ɗaruruwa. Aikin rana ɗaya yakan ci awa huɗu zuwa shida.

Shawarar da masu wannan harka suka fi bai wa sabon shiga ita ce ya fara da na gwangwani ko ƙaramin na tsaba. Injin mai tsada ba ya gyara ƙazanta, ba ya kuma sanyaya ɗaki.

Abin da ake dubawa kafin saye

Mazubin tsimawa shi ne zuciyar kayan. Ya zama robar da aka yi don abinci, wadda a gindinta akan ga lamba 2 ko 5 cikin alamar kusurwa uku, ko gilashi, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Ya fi abin da za a zuba girma, domin kumfa na tasowa: lita 23 tana son mazubin lita 30. Roba ba ta da nauyi kuma tana da araha, amma idan ta karce ƙwayoyin cuta na ɓuya a cikin karcen. Gilashi ba ya karcewa, sai dai nauyi da fashewa.

A kan murfin akwai ɗan bututu mai lanƙwasa da ake zuba wa ruwa, barboteur da Faransanci. Yana barin gas ya fita, ya hana iska da ƙwari shiga. Kwalin da babu shi bai cika ba.

Ma'aunai biyu ne ba makawa: na zafi, da na kaurin ruwa, wanda ake kira densimètre. Shi wannan gilashi ne mai yawo a kan ruwa. Tsabar ruwa yana nuna 1.000. Ruwan tsiro kafin a sa yis yakan nuna 1.040 zuwa 1.050, bayan yis ya gama kuma ya sauka wajen 1.010. Idan aka debe na ƙarshe daga na farko aka ninka da 131, an sami ƙarfin barasar. Misali daga 1.045 zuwa 1.010 ya ba da kimanin kashi 4.6 cikin 100. Ƙananan kwalaye masu araha sukan zo babu shi, alhali shi kaɗai ne ke tabbatar da cewa yis ya gama aiki.

Sai maganin tsafta. Wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma duk abin da zai taɓa ruwan bayan an tafasa shi yana buƙatar duka biyun. Kwali mai kyau yana zuwa da maganin da ba sai an ɗauraye ba. Ruwan Javel yana aiki idan an tsarma shi sosai aka kuma ɗauraye da kyau, amma ko ɓurɓushinsa ya rage sai abin ya yi warin magani. Haka ruwan famfo mai yawan kulorin.

A duba yis da kwanan wata. Ƙunshin da ke zuwa a kan gwangwani yakan zama giram 5 zuwa 7, wanda ake saya daban kuma giram 11 ko 11.5. Tsohon yis ko wanda ya sha zafi a hanya ba ya tashi da ƙarfi. Ruwan tsiro na gwangwani shi ma idan ya daɗe a wuri mai zafi yana yin duhu, ɗanɗanonsa ya canza.

Yawancin kwalaye ba sa zuwa da kwalabe. Ana son masu kauri, masu launin ƙasa, domin haske na ɓata hop. Marfin ƙarfe iri biyu ne, na milimita 26 da na 29, don haka a tabbata abin matse marfin ya dace da kwalbar da ake da ita. Game da injin lantarki kuwa, wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuma 220 zuwa 230 ce. Yana jan wajen wat 2,000 na tsawon awoyi, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar tafasa aikin ya tsaya.

Matsalar zafi

An tsara waɗannan kaya ne don ɗakunan Turai. Yis ɗin da aka fi amfani da shi yana son digiri 18 zuwa 22, na giyar laga kuma 8 zuwa 13. Ga shi ruwan da ke tsimuwa yana fin ɗakin da yake ciki zafi da digiri biyu zuwa huɗu. A Njamena ko Marwa, inda zafin watan Afrilu ke haura 40, irin wannan yis yana aiki a gaggauce, ya fitar da ɗanɗano mai kaifi kamar na sinadarin fenti, ko kuma ya mutu. Ko a wurare masu sanyi-sanyi irin su Ngaundere da Jos, sai an yi dabara.

Dabarun da aka sani huɗu ne: tsohon firji da aka sa wa na'urar daidaita sanyi, tsoma mazubin a bahon ruwa a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, jiran lokacin hunturu, ko sauya irin yis. Manoman yammacin Norwe suna da wani tsohon iri da ake kira kveik wanda ke aiki lafiya a digiri 30 zuwa 40, kuma yanzu ana sayar da shi a bushe. Ga mai zaune a ƙasa mai zafi, abin da aka rubuta a jikin ƙunshin yis ya fi sunan kamfanin da ke jikin kwali muhimmanci.

Bambancinsu da giyar dawa

Yankinmu yana da tasa giyar tun kafin zuwan Turawa: burukutu a Najeriya, pito a Gana, dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo, capalo a Kwaddibuwa, bil-bil a arewacin Kamaru da Cadi, marisa a Sudan. Kusan ko'ina mata ne ke dafa ta, a manyan tukwanen ƙasa ko na ƙarfe, da itace.

Mutum zai iya zaton za a zuba tsiron dawa a injin Turawa a sami abu ɗaya. Ba haka ba ne. Sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, a wannan zafin kuwa sinadaran da ke mayar da shi sukari sun fara mutuwa. Masu dafa dolo da bil-bil sun warware wannan tun da daɗewa ba tare da ma'auni ba. Suna dama garin tsiro a ruwa, su bar shi ya kwanta, su kwashe ruwan sama su ajiye, su dafa ƙullun ƙasa shi kaɗai, sannan su mayar da ruwan da suka ajiye a kai. Daga nan a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa, a zuba ragowar yis na dahuwar baya. Babu hop a ciki, tsamin ne ke ɗan kare ta, kuma ana shanta tana kan tsimuwa, shi ya sa ba ta wuce 'yan kwanaki.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan darasi. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole masana'antun giya da na malta suka sauya injina da dabaru don su yi aiki da dawa da masara. Tun daga lokacin suka zama manyan masu sayen dawar Arewa.

Inda haɗari yake

Haɗarin da ya fi yawa ga masu kayan Turawa shi ne fashewar kwalba. Idan aka ɗura kafin yis ya gama, ko sukarin kumfa ya wuce giram 6 zuwa 8 a kowace lita, gas na taruwa har gilashi ya tarwatse. Shi ya sa ake auna kauri sau biyu, kwana biyu ko uku tsakani, sai an ga lambar ba ta motsa ba.

Na biyu mazubi ne. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur, da gangar sinadarai, da bokitin da aka shafa wa tutiya, da tukunyar da aka liƙe da dalma, duk suna sakin guba a cikin ruwa mai tsami. Wannan gargaɗi ya shafi mai kunu da mai zoɓo kamar yadda ya shafi mai giya.

Na uku hatsin kansa. Saiwa da tohon tsiron dawa suna ɗauke da sinadari mai sakin gubar sayanayid, irin ta rogo mai ɗaci. Makiyaya sun san yadda ɗanyen gyauron dawa ke kashe dabba. Busarwa da murje saiwoyin da tafasa mai kyau su ne ke rage ta. Hatsin da ya yi funfuna ya fi wannan muni. A watan Janairun 2015, a garin Chitima na ƙasar Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan sun sha giyar gargajiya a wurin jana'iza, kuma bincike ya gano gubar wata ƙwayar cuta ce da ta fito daga garin masarar da ya lalace.

Na huɗu shi ne rikita giya da barasar da ake tacewa ta tururi, irin su ogogoro da akpeteshie da arki da sodabi. Kayan da ake magana a kansu ba na wannan aiki ba ne, kuma ƙasashen da suka yarda da dafa giya a gida galibinsu sun hana tace barasa ba da izini ba. Makanta da mace-macen da ake ji yawanci daga sinadarin metanol ne da ake gauraya wa irin wannan barasa. Bayan duk wannan, giyar da aka yi da tsafta ma barasa ce, illarta ga hanta da hankali da mai juna biyu ba ta ragu don an yi ta a gida ba.

Abin da mai ƙaurace wa giya zai ƙaru da shi

Lemon malta irin su Maltina da Malta Guinness ruwan tsiro ne da aka tsayar kafin matakin yis, aka ƙara masa sukari da gas, aka dafa shi a kwalba don kada ya tsimu. Abin da ake kira «bière sans alcool» kuwa daban ne: giya ce da aka rage wa barasa ko aka katse tsimuwarta. A dokar Faransa ana iya rubuta wannan suna a kan abin da ƙarfinsa bai wuce kashi 1.2 cikin 100 ba, a ƙasashe da dama kuma iyakar 0.5 ce. Wanda ba ya son ko kaɗan sai ya karanta lambar da ke jikin kwalba, ya nemi 0.0.

A cikin gida ma dokar ɗaya ce. Inda aka sami sukari da ɗumi da lokaci, yis ɗin da ke jikin hatsi da 'ya'yan itace da mazubi zai kama aiki ko ba a gayyace shi ba. Kunun zaƙi, zoɓo, ruwan citta, jiƙon dabino, duk suna iya fara juyawa idan suka kwana a zafi. Alamomin su ne kumfa mai tasowa da kanta, gorar roba ta kumbura, murfi ya yi tsaki idan an buɗe, zaƙi ya ragu, wari ya yi kaifi. Littattafan hadisi sun kawo cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ko dabino, ya sha cikin kwana uku, abin da ya wuce haka ba ya sha. A zafin Sahel, abin na iya juyawa kafin kwana ukun.

Maganinsa shi ne akasin abin da mai dafa giya ke yi: a tafasa sosai, a zuba a mazubi mai tsafta, a sanyaya da wuri, a yi daidai abin da za a shanye ko a sayar a ranar, kada kuma a zuba sabon kunu a jarkar da ragowar na jiya ke ciki.